Rijiyar Unguwa: Mu Auna Kafin Mu Yanke Shawara



Duk wanda ya taɓa zama a taron unguwa lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓulla ya san yadda zaman yake kasancewa. Wani ya ce rijiyar bayan masallaci ce, a rufe ta. Mai gidan da rijiyar take ƙofarsa ya miƙe ya ce tun zamanin kakansa ake shan ta, ba ta taɓa kashe kowa ba. Wata ta ce abincin kasuwa ne. Wani kuma ya sassauta murya ya ce shi dai tun da baƙin nan suka sauka ya fara ganin abin. Mu da muka baro gidajenmu mun san su wa ake nufi da baƙi. A ƙarshe ko dai a tashi baram-baram, ko a bi maganar wanda ya fi kowa ɗaga murya. Washegari kuma a sake ɗaukar wani yaro zuwa asibiti.

A wannan fitowa za mu yi bayanin wata hanya da ta fi wannan: a ƙidaya marasa lafiya, a gwada ruwan, a kawo sakamakon gaban jama'a, sannan a yi shawara. Za mu ɗauki misali daga Duwala, domin iyalanmu da yawa, daga Afirka ta Tsakiya da Najeriya da arewacin Kamaru, suna zaman haya a New Bell da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Darasin ya shafi mazauna sansani ma. A watan Oktoba na 2022 kwalara ta shiga sansanin Minawao, kusa da Mokolo, har mutum 3 suka rasu.

Me ya sa ruwan New Bell yake da haɗari?

New Bell tun asalinta unguwar waɗanda aka tasa ce. Wajen 1914 Jamusawa suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wouri, suka tura su can baya. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi: Hausawa fatake, Bamileke, Basa da sauransu. Gidaje suka cunkushe, lunguna suka matse.

Ƙasar Duwala kwari ce mai yashi, ga ruwan sama da ya wuce milimita 3,500 a shekara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai, a wasu wurare in ka haƙa gaba ɗaya ko biyu ka tarar da shi. Haƙa rijiya ba wuya, amma ramin masai ma cikin wannan ruwan yake nutsewa. Ƙa'idar da hukumomin agaji suke bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasan ramin masai kuma ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A gidan haya na New Bell, inda ɗakuna goma suke kewaye da tsakar gida ɗaya, ina za a sami mita 30? Sau da yawa bango ɗaya ne tsakani.

Kwalara ta shigo Kamaru a 1971, kuma tun daga lokacin take waiwayar Duwala. A 2004 ta kama mutum fiye da 5,000 a birnin. Ta faro daga Bepanda, ta bazu zuwa New Bell da Nylon. Ga wani abin lura: a watan Janairu ta fara, tsakiyar rani. Da yawanmu mun ɗauka kwalara cutar damina ce kawai. Da rani ruwan rijiya yana ja baya, ƙazantar da ke ciki ta taru wuri ɗaya, famfo ya riƙa ɗaukewa, mutane su koma shan abin da suka samu. Rajistar asibitoci ce ta nuna haka. Da tunanin mutane kaɗai aka bi, da damina kawai za a riƙa yin shiri.

Ido da hanci ba sa ganin kwalara

Ƙwayar cutar kwalara ba ta sauya launin ruwa, ba ta sauya ɗanɗanonsa, ba ta da wari. Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye alhali yana ɗauke da ita. Malamanmu sun koya mana cewa ana duba launi da ɗanɗano da ƙanshi kafin a yi tsarki da ruwa, wannan kuwa hukuncinsa yana hannunsu. Tambayar ko ruwan zai sa yaro gudawa tambaya ce daban, kuma gwaji ne yake amsa ta.

Akwai abu biyu kuma da suke rikita lissafin mutane. Na farko, daga shan ruwan zuwa fara ciwo ana ɗaukar daga awa 12 har zuwa kwana 5. Mutum yakan zargi abincin da ya ci jiya da dare, alhali ruwan da ya sha shekaranjiya ne. Na biyu, yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya ciwo ko kaɗan, amma suna fitar da ita a bayan gida har zuwa kwana 10. Don haka mai cewa "ga ni nan ina sha, lafiyata ƙalau" gaskiya yake faɗa game da kansa. Lafiyarsa dai ba ta wanke rijiyar ba.

Hujja ta farko: ƙidaya

A sami littafi ɗaya a hannun ma'aikacin lafiya na unguwa ko wani amintacce. Duk wanda ya kamu da gudawa mai ruwa-ruwa, sau uku ko fiye a yini, a rubuta ranar da ya fara, shekarunsa, layin da yake zaune, da duk inda gidansu suka ɗebo ruwan sha cikin kwana biyar da suka wuce. A tambayi gidajen da ba a yi ciwo ba su ma, domin sai an kwatanta ake gane bambanci.

A nan ne ake yawan kuskure. Mu ɗauka misali, a ce mutum 12 da suka kamu daga rijiya suke sha, mutum 4 kuma daga tankin wani mai sayar da ruwa. Kowa zai ce rijiyar ce. To amma mutum nawa ke sha daga kowanne? In mutum 300 ne ke shan rijiyar, 4 ke nan cikin kowane 100 suka kamu. In kuwa mutum 40 ne kawai ke sayen ruwan tankin, 10 ke nan cikin 100. Ashe tankin ya fi cancanta a fara dubawa. Duk wanda ya kawo mana adadi a taro, mu tambaye shi: cikin mutum nawa?

Hujja ta biyu: taswira

Ba sai da kwamfuta ba. A zana unguwar a kan kwali ko a ƙasa: layuka, rijiyoyi, famfuna, masai, kwatami, wurin zubar da shara. Kowane marar lafiya a ajiye masa tsakuwa ɗaya a kan layinsu. Wani lokaci tsakuwoyin sukan taru kusa da rijiya ɗaya. Wani lokaci sukan bi hanyar da mai kurar ruwa ɗaya yake bi, ko su nuna gidajen da suka halarci walima ɗaya.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana 10 a wata unguwa ta Landan mai suna Soho. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce take kawo cutar. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu daga famfon titin Broad ne. Ran 7 ga Satumba ya kai maganar gaban majalisar unguwa, washegari aka cire hannun famfon. Wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, bai yarda ba. Ya shiga gida-gida da niyyar ƙaryata likitan, amma abin da ya tarar sai ya gaskata shi. Shi ne ma ya gano cewa an zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya marar lafiya a ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar famfon. Likita ya san cuta, malami ya san mutane, sai da aka haɗa biyun gaskiya ta fito. Limamanmu da masu unguwanninmu suna da irin wannan matsayi.

Hujja ta uku: gwajin ruwa

Gwaji iri biyu ne ma'aikatan ruwa da tsafta suke iya yi a gaban kowa.

Na farko yana auna sinadarin kulorin, wato maganin da ke cikin ruwan jabel da ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs. Ana zuba ruwa a ƙaramin mazubi na roba, a jefa ƙwayar gwaji, a girgiza. In da sauran kulorin a ciki, ruwan zai koma launin ruwan hoda, a kwatanta shi da launukan da ke jikin mazubin. A lokacin lafiya ana son ya kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. A lokacin annoba ana son 0.5 a ruwan da ke cikin gida. In ruwan bai sauya launi ba, babu abin da ke tsaron sa.

Na biyu yana nuna ko najasa ta shiga ruwan. Akwai kwalbar gwaji da ake cika wa da ruwa a rufe, in ta koma baƙa cikin kwana ɗaya ko biyu, alama ce ta ƙazanta. Ɗakin gwaji kuma yakan ƙirga wata ƙwayar hanji mai suna E. coli. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Wannan gwaji bai ce ga kwalara ba. Yana nuna cewa hanya a buɗe take daga masai zuwa bakinmu. Tabbatar da kwalara kanta sai an gwada bayan gidan marar lafiya a asibiti.

Mu nemi a yi gwajin a bainar jama'a, mata da yara suna kallo. Gani ya kori ji.

Abin da awo ya nuna a 2004

Lokacin annobar 2004 an zuba kulorin a rijiyoyin Duwala, kuma hankalin mutane ya kwanta. Ma'aikatan lafiya na birnin sun gwada wata dabara ta gida: a haɗa yashi da garin kulorin a leda mai huji, a rataya cikin rijiya don maganin ya riƙa fita a hankali. Ba su tsaya nan ba, suka riƙa komawa suna auna ruwan. Sai suka tarar cikin 'yan kwanaki kaɗan ƙarfin maganin ya faɗi ƙasa da yadda ake buƙata a yawancin rijiyoyin. An yi irin wannan awo a Bisau, babban birnin Gini Bisau, aka ga maganin da ake zubawa a rijiya ba ya daɗewa.

Dalilin a fili yake. Rijiya ba randa ba ce. Ana ɗiba, sabon ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa tare da abin da ya kwaso daga masai. Laka da datti suna cinye kulorin. Kowane guga da aka ajiye a ƙasa aka sake zura shi ya ƙara nasa. Rijiyar da aka sa wa magani ran Litinin tana iya komawa gidan jiya kafin Juma'a, mutane kuwa suna sha da sakin jiki saboda sun ga ranar da aka zuba. Shi ya sa shawarar ma'aikatan ruwa ita ce a sa maganin a cikin jarka ko bokitin da za a kai gida, a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan yana da gurɓi, a bar shi ya kwanta ko a tace shi tukuna.

Ba kullum ne laifin rijiya ba

A 1993 an yi wani bincike a sansanin Nyamithuthu na ƙasar Malawi, inda 'yan gudun hijirar Mozambik suke zaune. An gwada ruwa a bakin rijiyar burtsatse, aka tarar kusan ba ƙazanta. Aka bi shi zuwa gida, aka tarar ya gurɓace. Hannu ne yake shiga, wajen ɗauraye bokiti da wajen ɗauka da wajen ɗiba. Aka ba wasu gidaje bokiti mai murfi da bakin zubawa, wanda hannu ba ya shiga. A gidajen nan gudawar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta ragu da kashi 31 cikin 100.

Masu binciken sun lura da wani abu kuma. Kulorin ya fi bokitin araha, ya fi shi tsare ruwa, amma mutanen sansanin ba sa son sa, kaɗan ne suke amfani da shi. Maganin da ya fi ƙarfi a takarda ba shi da amfani in ya tsaya a kan kanta. Shi ya sa ake buƙatar taro: ma'aikaci ya kawo abin da ya auna, jama'a su faɗi abin da za su iya yi kullum. A gidajenmu, randa da moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa su ne makwafin wancan bokiti. In za a gwada ruwa, a gwada na rijiya, na jarkar mai ruwa, da na randa.

Yadda za mu zauna

Su wa za a kira? Mai unguwa, liman, ma'aikacin lafiya, masu gidajen haya da 'yan haya. Matan da ke ɗiban ruwa, domin sun fi kowa sanin rijiyar da take sauya launi bayan ruwan sama da famfon da yake ɗaukewa. In ba za su sake su yi magana a gaban maza ba, su yi zamansu daban, a kawo abin da suka ce ba tare da ragi ba. 'Yan ga-ruwa, domin abincinsu ne ake magana a kai. Da maƙwabtanmu waɗanda ba Hausawa ba, tare da mai fassara, domin ruwan ƙasa bai san ƙabila ba.

A fara da abin da aka auna kafin kowa ya faɗi ra'ayinsa. Duk wanda ya kawo magana, likita ne ko dattijo ko saƙon WhatsApp, a yi masa tambayoyi huɗu cikin ladabi. Wa ya gani ko ya auna? Yaushe, kuma a ina? Sau nawa, cikin mutum nawa? Me za mu gani da zai nuna maganar ba daidai ba ce? Mu ma ma'aikatan hukuma a yi mana waɗannan tambayoyi. Haƙƙinku ne ku san abin da aka samu a ruwan da kuka bari aka ɗiba don gwaji.

Kada a karanta sunan marar lafiya ko na gidansu a taro. Tsakuwa a kan layi ta wadatar. Ranar da aka fara nuna gida da yatsa, daga ranar mutane za su fara ɓoye marasa lafiyarsu, littafin ƙidaya ya zama ƙarya, cutar kuma ta ci gaba a ɓoye.

Abin da gwaji ba zai yanke mana ba

Kwalbar gwaji za ta ce rijiya ta gurɓace. Ba za ta faɗa mana inda bazawara mai 'ya'ya biyar za ta sami kuɗin sayen ruwa kullum ba. In aka rufe rijiya ba a tanadi madadinta ba, marasa hali za su gangara rafi ko kwatami, a gudu ba a tsira ba. Don haka a baje zaɓuɓɓukan duka, kowanne da kuɗinsa da wahalarsa.

Ana iya barin rijiyar don wankin tufafi da wanke masai, a hana sha da girki da wanke kwanuka da ruwanta sai an sa magani. Ana iya ajiye mutum a bakinta da safe da yamma yana sa magani a kowace jarka, unguwa ta haɗa masa ɗan alheri. Ana iya ɗaga bakinta, a dafe kewayenta da siminti, a yi mata murfi, a rataya guga ɗaya na kowa da kowa. Wannan zai hana ruwan kwata da datti shiga ta sama, amma ba zai tare abin da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙasa ba. Ana iya yin karo-karo don jawo famfo. Wa zai biya, mai gida ko ɗan haya? Wa za a yafe wa? Waɗannan tambayoyi na adalci ne, kuma mu ne za mu amsa su.

Haka batun jana'iza. An tabbatar gawar wanda kwalara ta kashe tana iya yaɗa cutar. Yadda za a sallaci mamaci a suturta shi da mutunci, mutane kaɗan su yi wankan da safar hannu da ruwan magani, waɗanda suka yi wankan kuma kada su taɓa abincin makoki, wannan sai liman da ma'aikacin lafiya sun zauna tun kafin a yi rasuwa.

Kowace shawara a ɗaura mata ranar dubawa. A ce bayan mako biyu za a sake gwada randuna goma, a sake buɗe littafin ƙidaya. In adadin ya sauka, a ci gaba. In bai sauka ba, a canza hanya, kuma kada a yi wa wanda ya kawo shawarar farko gori. Ma'aikatan 2004 da suka koma suka auna rijiyoyin da suka sa wa magani da hannunsu ba su ji kunyar faɗin abin da suka gani ba, mu ne kuma muke cin moriyarsa yau.

Abin da ba ya jiran taro

In mutum ya fara gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, da amai ko babu, kada a jira gwaji ko mai unguwa. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi saboda ƙarewar ruwan jiki. Idan an kai shi da wuri aka yi magani yadda ya kamata, waɗanda ke rasuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida. In akwai na fakiti, a haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa ko mai magani, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a hanya har a isa asibiti mafi kusa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri nono.

Idan an zo da rigakafin kwalara na ɗigawa a baki, mu karɓa, mu kai yaranmu. Yana rage haɗari, amma bai ɗauke mana tsabtace ruwa da wanke hannu da sabulu ba.

Kafin fitowa ta gaba, muna roƙon kowace unguwa da kowane sashe na sansani su yi abu uku: su zaɓi wanda zai riƙe littafin ƙidaya, su zana taswirar rijiyoyi da masai, su nemi ma'aikacin ruwa da tsafta ya zo ya gwada ruwa a gaban jama'a. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.